Dutsen Alhaji

Dutse ba ya amsa taɓarya yadda gero ke amsawa. Gero yakan yi laushi ya ba da hanya, shi kuwa dutse duk saukar taɓarya sai ya maido ta, ƙarar ta bi hannu ta haye har cikin haƙora. Tsahara ta ɗaga ta sauke, ta ɗaga ta sauke, gari mai ruwan toka yana tashi daga bakin turmi yana sauka a girarta, a murfin randa, a kan tuwon da ya kwana cikin akushi. Tun safe wani ɗanɗano ya zauna mata a harshe kamar wadda ta tsotsi tsohuwar ƙusa. Ta juya gefe ta tofar da yawu, ya fito baƙi-baƙi.

A gindin turmin ɗanta Ilyasu yake zaune, bai daɗe da fara rarrafe ba. Ya kifa tafin hannunsa a garin da ya zube, ya ɗaga ya kalli yadda yake ƙyalli, sannan ya kai baki.

Ta gani sarai. Taɓaryar ta tsaya mata a sama. Amma Ilyasu ɗan fari ne, surukarta Iya Tasalla kuwa tana zaune a inuwar rumbu tana tankaɗe. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta rugawa ta sungume shi a gaban manya kamar a kanta aka fara haihuwa. Sai ta kawar da kai, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Iya, yaron can yana cin ƙasa."

"Wane yaro? Mijina?" Iya Tasalla ta ce, ba ta ajiye rariya ba. "Bar shi ya ci. Ubanshi ma ƙasa ya ci ya girma, ga shi nan yana ɗaukar buhu." Ta miƙa wuya wajen jikan. "Kai tsohon banza, ba ka kawo mini cefane ba, ka zauna kana cin gari kai kaɗai."

Yaron ya yi mata dariya, leɓunansa sun yi fari-fari.

A shekarar da gyaɗa ta ƙi ne dutsen ya shigo garinsu, Tsibiri. Ana yaƙi a Najeriya, manyan motoci suna ta kai da komo ta kan iyaka, kuma a ƙarƙashin buhunan da duwan, masu karɓar kuɗin fito, ke dubawa akwai waɗanda ba a dubawa. Na Alhaji Abdulmutallib ne, babban ɗan kasuwa a Maraɗi, ubangidan Tanimu, mijin Tsahara. Tanimu ke ɗauko su a amalanke yana rabawa gida-gida. Maza su gasa dutsen a wuta, su kwara masa ruwa ya tsattsage, su farfasa shi da guduma. Mata su daka, su tankaɗe, abin da ya ƙi wucewa ya koma turmi. Daga nan sai bakin rijiya, a zuba garin a ƙwarya da ruwa, a yi ta juyawa a hankali har mara nauyi ya bi ruwa, mai nauyi ya kwanta baƙi ƙirin a gindi. Wannan Tanimu ke karɓa. Ya ɗiga masa zaiba, ruwan ƙarfen nan mai gudu a tafin hannu, ya murza har ta haɗiye zinariyar da ke ciki, ya matse a tsumma, ya ɗora ɗan curin a cokali bisa garwashin madafa. Zaiba ta tashi hayaƙi, a bar ɗan abu rawaya da bai fi ƙwayar dawa ba. Saboda wannan ƙwayar ake farfasa buhu guda.

Da rana ta take, Tsahara ta juye garin ƙarshe a masaki. Turmi ɗaya gare ta, wanda aka kawo ta da shi ɗakin miji. Ta ɗauraye shi da ruwa, ta goge da tsumma. Cikinsa duk ya ɓarje, ƙananan tsatsaki sun lume a jikin itacen, wanda farce ba ya ciro su. Ta zuba gero ta soma surfen fura.

* * *

Kaji ne suka fara. Sai a ga kaza tana tafiya a karkace kamar mashayi, ta faɗi gefen danga tana shure-shure. Aka ce ciwon kaji ne na shekara. Iya Tasalla ta sa aka yanka waɗanda aka riska da rai, aka ci.

Sannan Ilyasu ya daina rarrafe. Inda aka ajiye shi nan za a same shi, kai a langaɓe, yawu yana zuba. Nono in ya sha ya amayar. Cikinsa ya ɗaure tamau. Kukansa ma ya canja, ya zama wani siririn abu mai tsini wanda Tsahara ke ji a bayan wuyanta. Iya ta ce haƙora ne. Da aka ga ba haƙorin da ya fito, ta ce iska ce ta bakin gulbi, aka yi turare, aka ɗaura laya. A cikin watan an binne ɗiyar maƙwabciyarsu Azumi, wadda ita ma ba ta kai yaye ba, da wani yaro a bayan masallaci. Duka an ce iska.

Ranar da Ilyasu ya fara jijjiga, Tanimu yana tsugune a madafa yana hura garwashi a ƙarƙashin cokalinsa. Yaron yana kwance a tabarma kusa da shi. Kawai sai jikinsa ya sandare, idanu suka juye, ƙafafu suna bugun ƙasa. Iya ta ɗauke shi tana tofi, tana ɗura masa rubutu yana dawowa ta gefen baki. Tsahara tana tsaye jikin bango, hannayenta a bayanta, tana tsunkulin kanta don kada ta miƙa su.

Da abin ya lafa, Iya ta fita da shi, Tsahara ta sami mijinta shi kaɗai.

"Malam, a kai yaron nan wajen likita."

Tanimu bai ɗago ba. Yana juya ɗan rawayan a tafin hannu. "Iya mi ta ce?"

"Ba Iya na tambaya ba."

Ya dube ta, don bai saba jin irin wannan daga bakinta ba. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya duka, abin da ya fi iyawa shi ne shiru. Ya ce, "Mutanen likita tambaya gare su. Mi kuke ci, mi kuke sha, wane aiki kuke yi. Ke kuwa ba ki iya ɓoye magana ba. Dutsen nan bai bi ta duwan ba. In jandarma suka shigo garin nan, ba ƙohwar Alhaji za su buga ba, tawa ce."

"Ba ni hwaɗin komi. In tahi?"

Ya ce, "Gobe ina kai kaya. Ki ce wa Iya gaida Hajiyar Alhaji za ki. Kuma ki gaishe ta ɗin, kada a ji kin shigo Maraɗi ba ki taka gidan ba."

* * *

A ɗakin shan magani mata sun cika baranda, ƙudaje suna bin idanun yara. Warin fitsari da na maganin wanke ƙasa sun gauraya. Da layi ya zo kanta, malamin asibitin, wani saurayi mai farar riga da ya gaji tun kafin hantsi, ya tsoma alƙalami ya ce, "Sunanshi?"

Tsahara ta sunkuyar da kai.

"Madam, ba ni da lokaci. Yaron ba shi da suna?"

Wata tsohuwa daga baya ta yi dariya. "Ɗan hwari ne, malam, ba ka gani? Yarinya, raɗa mini in hwaɗa mishi."

Tsahara ba ta raɗa wa kowa ba. Ta buɗe baki ta ce, "Ilyasu." Tun ranar suna wannan ne karon farko da sunan ya fito daga bakinta a gaban mutane, sai ta ji kamar ta kwance zani a kasuwa.

Malamin ya taɓa goshin yaron, ya danna cikin, ya ɗaga leɓen sama ya tsaya kallon wani baƙin zare da ya bi gefen dasashi. Ya ɗan yamutsa fuska. "Kuna ba shi wani jiƙo?"

"Rubutu ne kawai."

"To, baƙin tawada ne." Ya saki leɓen. Maganar dutsen ta zo mata har maƙogwaro, ta tuna jandarma, ta haɗiye. Ya yi wa yaron allura, ya ƙunsa mata ƙwayoyin zazzaɓi a takarda, ya kira ta gaba.

Gidan Alhaji Abdulmutallib na siminti ne, da hoton shugaban ƙasa a zaure da rediyo yana magana shi kaɗai. Tsakar gidan an share ta fes, har ana iya cin tuwo a ƙasa. Hajiya Sauda, uwargidan Alhaji, tana kishingiɗe a kan kilishi, awarwaron zinariya sun cika mata hannu har gwiwa. Tsahara ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta.

"A'a, amaryar Tanimu. Lale. Ina su Iya? Ina gajiya? Matso mana. Zuliha, kawo mata tabarma." Ta leƙa goyon. "Wanga yaro ba ya girma? Mi ya same shi?"

Kafin Tsahara ta amsa, wata 'yar jikar Hajiya mai koyon tafiya, ƙiba har wuya, ta taho tana dariya ta faɗa jikin baƙuwar, ta kama gefen zaninta ta kai baki.

Tsahara ba ta taɓa zaton mai jiki irin na Hajiya za ta iya tashi da sauri haka ba. Ta fizge yarinyar, ta buɗe mata baki da yatsa tana kwakulewa, tana kiran mai aikinta. "Zuliha, sabulu. Wanke mata baki da hannu, ki canja mata riga. Ba na ce in mutanen dutse sun zo a shige da ita ɗaki ba?"

Yarinyar ta tsala kuka aka tafi da ita. Tsahara ta dubi zaninta. Ta wanke shi jiya, amma a cikin saƙar akwai ɗan ƙyalli da ba ya fita.

Hajiya ta koma ta zauna tana haki, ta gyara ɗankwali, murmushinta ya dawo. "Kada ki ji komi, ɗiyata. Yara ne, sai da lura."

"Hajiya, mi ke cikin dutsen?"

"Arziki ke ciki."

"Bayan arzikin."

Hajiya ta kalle ta, ta kalli yaron da kansa ke reto a goye. Ta rage murya, irin ta mace da mace. "Ke ma kamar ɗiya kike gare ni, shi ya sa zan hwaɗa miki. Maƙerin Alhaji ya ce darma ce ta yi yawa a jikinshi, wannan mai ƙyallin. Manya ba ta cika kayar da su ba, ƙanana take ci. Nan bayan gidan aka hwara dakan. Tantabarun Alhaji suka ƙare, sannan ɗan mai yi mini wanki ya bi. Ni na ce a hidda mini dutsen daga gida, ba ni iyawa, ina da tausai. Aka kai Jiratawa. Matan can kuma baki gare su, daga an yi 'yan rashe-rashe suka ɗora wa dutse, suka ce ba su so. To, ku mutanen Tsibiri Allah ya yi ku da haƙuri."

Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin yadda ta canja mai kawo mata nono. Turaren jikinta mai nauyi ya cika wa Tsahara hanci. Ta danne bakinta da gefen mayafi.

"Ki riƙa ba shi madara, an ce tana wankewa," Hajiya ta ci gaba. Ta sa Zuliha ta kawo gwangwanin madara da sandar sabulu, aka ajiye a ƙasa gaban Tsahara, ba a hannunta ba. "Kuma kada ki tahi kina yaɗawa. Gidaje nawa ke cin tuwo da aikin nan bana? Ki hana su, ke za ki ciyar da su? Rai dai na Allah ne."

Tsahara ta yi godiya, don bakinta ya saba. Tana zaure tana gyara goyo ta jiyo ana kaɗe tabarmar da ta zauna, ana watsa ruwa a wurin.

* * *

A hanyar komawa amalanken cike yake da sababbin buhuna, ita tana zaune a kansu. Sai da suka bar gari, jakin ya kama yashi, ta ce, "Malam, kai ka riƙa kai dutse Jiratawa."

"Ni ne."

"Mi ya sa aka daina?"

Tanimu ya taɓa jakin da sanda ba dalili. "Hajiya ta yi miki surutu."

"Ka sani ke nan."

"Na ji ana hwaɗi. Ji ba gani ba ne. Ko ba dutse yara na mutuwa, bara da ba a daka komi ba nawa aka binne?" Ya ƙara da cewa, "Na so in ce ki riƙa nisanta shi da turmi. Sai na ga in na ce, za ki tambaye ni dalili."

Ta kalli ƙeyarsa. Akwai gari a cikin gashin, ya haɗu da gumi ya yi laka. Wannan ƙeyar take kallo kullum in yana salla, tana ganin ta yi dacen miji. Ta matsa can ƙarshen amalanken, yadda ko rigarsa ba za ta taɓa ta ba.

Da suka iso gida Iya Tasalla ta riga ta cika turmi da fasasshen dutse, tana jiran mai daka. Tsahara ba ta kwance goyo ba. Ta kifar da turmin, ta ɗauko gatarin faskare a bayan madafa. Sara na farko ya zame. Na biyu ya kama. Ta yi ta sara har itacen ya buɗe biyu, cikinsa ya bayyana, toka-toka har can cikin tsokar itacen, wurin da ruwa bai taɓa kaiwa ba. Wani yanki ya yi baƙi yana wari kamar tsohon miki. A nan take dakan furar gidan.

"La ilaha illallahu," Iya ta ce a hankali. "Tanimu, matarka ta taɓu."

"Iya, dutsen ne. Shi ke cin yaran. Hajiya da bakinta ta hwaɗa mini."

"Hajiya ta hwaɗa miki, kuma ta ba ki madara. Mai son kashe ka ke ba ka madara?" Iya ta tafa hannu. "Ni na haihi bakwai, na binne huɗu, ban sari turmi ba. A kan ɗan hwari kike wanga rashin kunya? Gobe a ce surukar Tasalla ta hita hayyacinta saboda ɗa. Kawo mini mijina nan."

"Ba ni ba da shi."

Ba ta taɓa ce wa Iya a'a ba. Ta fita da goyonta ta shiga gidan Azumi. Ta same ta da 'yan'uwanta mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, garin ya rufe su har gashin ido. Ta faɗa musu duk abin da ta ji, tana maimaita wasu wuraren. Suka saurara, taɓare a tsaye.

Azumi ta share hanci da bayan hannu. "To, na ji. Tawa ɗiyar dai ta riga ta tahi. Saura ukun can, su kuma in ban daka ba mi za su ci? Rumbunmu kin gan shi, ɓera ma ya bar shi." Ta dubi sauran. "Kuma in dutse ne, mi ya sa mu ba mu mutu ba? Mu ke shaƙarshi."

"An ce ƙanana yake ci."

"An ce." Azumi ta ɗaga taɓarya. "Allah ya ba shi lahiya, Tsahara. Matsa kada gari ya same shi, tunda kin ce."

Washegari da hantsi Tsahara ta ɗaure 'yan tsummokinta ta kama hanyar garin iyayenta, can ƙetaren gulbi, inda ba a san dutsen ba. Ba ta nemi izini ba, Tanimu kuma yana kallo bai hana ba. Ta ba yaron madarar Hajiya kafin su fito, don ba ta da wani abin, ya amayar mata a kafaɗa. Tana tafe tana yi masa magana, yanzu da ba mai ji. Ta kira sunansa, ta sake kira, ta ce masa can akwai akuya mai nono, akwai kakansa mai gemu da zai ja.

Ta sauka cikin yashin gulbi ke nan ta ji ya sandare a bayanta. Ƙafafunsa suka bugi kwankwasonta, suka yi ta bugu. Ta tsaya ta riƙe su ta baya tana karanta duk abin da ta iya. Sannan bugun ya tsaya. Goyon ya saki, ya yi wani nauyi da ba irin na barci ba.

Ba ta kwance ta duba ba. Ta daɗe tsaye a rana, wasu mata masu itace suka wuce suka gaishe ta ta amsa. Daga baya ta juya ta koma Tsibiri, don a gidan uba ake yi wa ɗa sutura.

* * *

Ranar sadakar uku ɗakin Iya ya cika da mata. Tsahara tana can ƙurya, lulluɓe. Ba ta yi kuka ba, tsofaffi suna ta yaba mata. Rigarta ta jiƙe da nono ta bushe ta sake jiƙewa, tana tsami.

Da hantsi aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Alhaji bai samu zuwa ba, amma ya aiko direbansa da gaisuwa, da buhun gero da sukari, a yi gumbar sadaka. Mata suka yi ta sa albarka. Wata ta ce irin su Alhaji ne ke riƙe da talakawa, wata ta ce ko ɗan'uwa na jini sai haka. Ta tagar ɗakin ana jiyo muryar Tanimu yana nuna wa yara inda za su jibge sauran buhunan da motar ta zo da su, masu ƙara in sun taɓa ƙasa.

"A jiƙa geron," Iya Tasalla ta ce. Idanunta sun kumbura, ita ce ta yi kukan da uwar ba ta yi ba. "Sai dai gidan nan ba turmi. Wata ta leƙa wajen Azumi ta aro."

Tsahara ta ɗago kai. "Kada a daka a nan."

Aka juyo ana kallonta.

"Turmin Azumi na dutse ne. Duk turamen unguwar nan na dutse ne. A bar gumbar, ko a kai wani gari a daka."

"A bar sadakar yaro?" wata gwaggon Tanimu ta ce. "Ki hana shi ladarshi?"

"Na wanke shi da toka, Tsahara," Azumi ta ce daga bakin ƙofa, ba da faɗa ba. "Har sau biyu."

Tsahara ta yunƙura za ta tashi. Hannaye suka kama ta ta ko'ina, masu taushi, masu ƙanshin man shanu, suka zaunar da ita. Gwaggon ta ja mata mayafi ta rufe mata fuska. "Yi shiru, ɗiyata. Kin yi haƙuri kwana uku, kada ki ɓata shi yau. Uwar ɗan hwari ba a jin bakinta ranar nan. Zahin rashi ne, duk mun san shi." Wata ta soma salati, sauran suka amsa, muryarta ta nutse a ciki.

Daga tsakar gida dakan ya fara, a turmin Azumi. Taɓare biyu, sannan uku. Jiƙaƙƙen gero yana amsawa da taushi, amma can ƙasa, duk saukar taɓarya, akwai wani ɗan ƙaras da kunnenta kaɗai ya sani.

Da aka gama aka cura, aka fito da ƙwarya ƙofar gida. Wani ya ɗaga murya ya kira yara su zo su karɓi sadaka. Ta gefen mayafin, ta tsakanin kafaɗun mata, Tsahara tana hango bakin zaure. Suka taho a guje daga kowane lungu, masu wando da marasa wando, manya suna goye da ƙanana. Aka ce su yi layi, suka ƙi. Autan Azumi, wanda ya zama auta tun watan jiya, ya samu nasa curin ya koma jikin bango ya tsuguna. Ya gutsura wa ƙanwar wani da ke kusa da shi, wadda ba ta da haƙoran tauna, ya sa mata a baki da yatsa. Ya cinye sauran, ya lashe tafin hannunsa har tsakanin yatsu, sannan ya tashi ya sake shiga cikin masu miƙa hannu.